Wandon Liman

Marka ta zauna a ƙasar Dandamisa a shekarar nan kamar ba ta da niyyar tashi. Ba ruwa ne mai ƙarfi ba da zai zuba ya wuce a huta. Yayyafi ne mai naci, ya tsaya kamar ya gama, mace ta ɗauko tsaba za ta shanya, ya dawo. Bango ya jiƙe har yana gumi, gishiri ya narke a ƙoƙo, sanyi kuma ya shige ƙashin tsofaffi ya yi zamansa.

A wani ɗan ƙauye da ke gabas da garin, babu wanda ya kai Ummuhani, matar Liman Iliyasu, sanin tsawon wannan marka, don ita da wando take auna ta. Wandunan Malam uku ne, duk na saƙi, masu kauri irin na da, waɗanda in sun sha ruwa sai an sa hannu biyu a ɗaga su. Kullum ɗaya yana jikinsa, ɗaya yana kan igiya a cikin ɗaki, ɗaya kuma yana cikin ƙwaryar da ke bayan ƙyaure, an rufe da faifai, yana jiran ta.

Tun kakar bara abin ya faro. Malam ya kwanta zazzaɓi ya tashi, amma daga nan fitsari bai ƙara jin maganarsa ba. Yana zaune zai zo, yana tafe zai zo, ba sallama. Ga shi kuwa shi ne limamin ƙauyen: shi ke jan salla, shi ke raɗa suna, shi ke ɗaura aure, shi ke tsayawa a kan gawa. Ummuhani ba ta yi karatu mai nisa ba, amma ta yi shekara da shekaru tana jin karatun zaure ta bayan zana. Ta ji da kunnenta, daga bakin Malam ɗin nan, cewa mai irin wannan lalura sallarsa ta yi, Allah ya yi masa uzuri, sai dai ba a so ya shige gaban masu lafiya. Ya san ta ji, ita ma ta san bai manta ba. Ba su taɓa zama sun kira ciwon da sunansa ba, "abin nan" kawai suke cewa.

Wanda bai zauna gidan yawa ba ne zai tambayi abin da ya hana ta shanya a waje. Gidan sassa biyu ne, danga ɗaya ta raba su da Gambo, ƙanen Malam, da matarsa Indo, kuma a kan dangar nan kowa ke shanya. Matan ƙauyen ba su san baƙi ba, amma shanya kam suna karanta ta tsaf. Daga abin da ke kan danga suke sanin wadda ɗanta ke gudawa, da wadda ta yi ɓari ta ɓoye, da wadda miji ya yi wa sabon zane bayan faɗa. Wankin Liman ranar Alhamis ne saboda Juma'a, wannan ko yaro ya sani. In aka ga wandonsa ran Asabar, aka gani Lahadi, aka sake gani Litinin, to ba sai an yi shela ba.

Da rani abin da sauƙi. Ta ɗaura igiya daga wannan sanda zuwa waccan a cikin ɗaki, ta wanke da safe, kafin azahar ya bushe ƙayau. Marka ce ta zo ta nuna mata iyakarta. Wando ya kwana ya wuni a kan igiya yana nan sanyi ƙalau, har ya fara warin tsami. Sai ta koma ga wuta: ta zuba garwashi a kasko, ta kifa babban kwando a kai, ta shimfiɗa wandon, ta zauna tana juya shi. Itace a jiƙe yake, kara a jiƙe, abin da ke fitowa hayaƙi ne ya fi zafi yawa. Ɗakin kuwa ɗan kewayayye ne na jinka, gadon Malam da nata da tukwane da akwatin littattafai duk a ciki, ba taga sai wata 'yar kafa da ko kyanwa sai ta matse za ta wuce. Ƙyaure kuma dole a ja shi, don kada a leƙo. Idanunta suka yi ja, tari ya kama ta, irin mai tashi daga can ƙasan ƙirji.

Ga ɗiban ruwa. Rijiyar a tsakar gida take, ta kowa da kowa, Indo kuma ba ta rasa ido. Wata rana ta tsaya da tsintsiya a hannu tana tambaya ko Yaya ta haƙa wata rijiyar ce a ɗaka take cikawa. Ummuhani ta ce tsufa ne, mutum ya yi ta alwala tana karyewa. Da Malam ya fara ƙaurin hayaƙi, har samari suna raɗa cewa Liman ya koma kifin banda, sai ta riƙa jefa turaren wuta a kaskon. Nan ma ba ta tsira ba. Indo ta bi gidaje tana cewa Yaya ta koma amarya, ɗakinta sai ƙamshi, ƙyaure kullum a rufe.

Wannan ba'ar ba ta dame ta ba, don ta san matsayinta a ƙauyen. Uwar Tsafta ake ce mata. Amaryar da ba ta iya wanki ba wurinta ake turo ta, ta nuna mata yadda ake jiƙa farin kaya da ruwan toka, da yadda ake sa bula, shuɗin wanki, ba ta yi dabbare-dabbare ba. 'Ya'yanta mata ne, duk sun yi aure nesa, ba ta da shanu ba ta da gona, amma tana da wannan sunan, kuma gaskiya tana ji da shi.

Sai dai ta gaji. Ta gaji irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Tun bara aka ce ƙasa ta samu 'yancin kai, yaran firamare sun dawo daga Makarfi da 'yan tutoci, an yi ta kiɗa a rediyon mai gari. Ita dai ta duba, ba ta ga inda 'yancin ya rage mata ko guga ɗaya ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne Malam bai taɓa ce mata sannu ba. Ba don mugun hali ba. In ya ce sannu ya amsa ke nan akwai abin da ake yi wa sannun. Zai shigo ne da 'yar tafiyar nan da ta gane, gajeren taku, yana ɗage riga daga jiki, ya juya baya ya sake, ya rufe ƙwarya da faifai, ya fita.

Sau ɗaya ta yi ƙarfin hali ta taɓo maganar. Ta ce ta ji ana cewa akwai likita a Zariya mai duba irin abin nan, motar Makarfi kuma tana zuwa ran kasuwa.

"Wace Zariya?" in ji shi. "Ni zariyar da na sani ta wandona ce, ita ma ta gagare ni."

Ya yi 'yar dariya shi kaɗai, ita ba ta taya shi ba. Sannan ya ce in ya hau motar nan, kafin ya sauka labari ya riga shi dawowa gida. Ta ce to ga Tukur, na'ibinsa, wanda shi Malam ya karantar, ya sakar masa mana ya huta. Ya ce bari ruwa ya ɗauke tukuna. Ba ta tuna masa ba cewa da rani ya ce bari damina ta faɗi.

Ana cikin haka Azumi, 'yar Indo da ta zo goyon ciki, ta sauka lafiya, ta samu ɗa namiji. Gida ya cika. Duk wani busasshen itace da aka ɓoye a ƙarƙashin rumbu ya tafi ga tukunyar wankan jego, ba mai cewa don me. Ummuhani ita ce babba a gidan, ita ke tsaye kan kunun kanwa, ita ke tarbar 'yan barka, ita ke raba faɗan yara. Tsakanin wannan da wancan take zamewa ta shige makewayi da ƙwaryarta a ƙarƙashin mayafi. In ta fito ta tarar da tsummokin jariri jere a rumfa, kowa na wucewa yana sa albarka, ana cewa yaro yana fitsari sosai, alamar lafiya ce. Sai ta kau da kai ta wuce da nata.

Ran suna, Malam ya dawo daga sallar asuba da gajeren takun nan. Ya cire wandon, ya ɗaura zane, ya zauna a bakin gado da carbi, fuskarsa ga bango. Sauran biyun jiya ta wanke su: ɗaya yana kan igiya, har yanzu in an matse bakin ƙafarsa ruwa zai fito, ɗayan yana kan kwando, saura kaɗan. Da hantsi za a raɗa suna, mutane har sun fara shimfiɗa a zaure. Ta ƙara garwashi fiye da yadda ta saba, ta jawo 'yar kujerarta ta jingina da bango don ta riƙa juyawa. Ɗumin ya bugi gwiwoyinta. Rabon da ta ji daɗin wani abu a jikinta kamar ɗumin nan har ta manta. Ta ce bari ta ɗan lumshe ido saboda hayaƙi.

Ƙaurin auduga ne ya tashe ta. Ta fizge wandon ta yar a ƙasa ta bi da tafin hannu tana kashewa, amma aikin gama ya gama. Wuta ta cinye mazaunin gaba ɗaya, ta bar rami mai baƙin baki da kan mutum zai shige. Malam ya juyo ya duba. Ita ma ta duba. Ba wanda ya yi salati da ƙarfi, don gidan cike yake da kunnuwa. A daidai nan Gambo ya yi sallama daga bakin danga, ya ce Yaya Liman, baƙin garin Kudan sun iso, ana jira.

Ta sauko da na kan igiya, ta naɗe shi cikin busasshen zanenta, ta murɗe iya ƙarfinta. Bai yi wani amfani ba. Malam ya miƙo hannu ya karɓa, ya zura ƙafa, sanyin ya sa ya ja numfashi ta haƙora. Ta daɗe ba ta dube shi sosai ba, sai yau ta ga yadda ƙafafunsa suka rame, gwiwa ta fi cinya kauri. Ya zumbula farar rigarsa, ya naɗa rawani. Buzunsa ma abin nan ya taɓa shi, yana rataye bai bushe ba, don haka ya fita hannu sake.

Ba ta bi mata can sashen mai jego ba. Ta zauna da ƙonannen wandon a cinya, tafin hannunta na zogi. Daga zaure ta ji muryarsa yana jan addu'a, muryar ba ta tsufa ba ko kaɗan, jama'a suna amsawa da amin. Ta ji maroƙi ya ɗaga murya ya ce yaro ya ci suna Uwaisu, mata suka rangaɗa guɗa. Ta fara cewa a ranta an wuce lafiya ke nan.

Sai ga sallamar Indo a bakin ƙofa, a hankali, ba irin tata ba. Ummuhani ta tashi ta tare ta a dokin ƙofa kamar kullum, ta ja ƙyauren a bayanta. Indo ba ta yi ba'a ba yau. Ta ce ta kai goro bakin zaure, tana tsaye Liman ya miƙe zai je wurin yankan rago. Bayan rigarsa a jiƙe, sabuwar tabarmar da aka shimfiɗa masa kuma ta yi duhu daidai inda ya zauna. Ga shi ba ruwa ne ya dake shi ba, tunda daga ɗaki zuwa zaure ne. Maza duk suka sunkuyar da kai. Tukur ya yi wuf ya jefa mayafinsa a kan tabarmar, amma wanda zai gani ya riga ya gani, har wani dattijo cikin baƙin Kudan ya dubi Gambo.

"Yaya, ni fa ba bare ba ce," in ji Indo. "Tun yaushe?"

Ta ci gaba, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce ciwo ba abin kunya ba ne, kowa na Allah ne. In abin da suke zato ne, Gambo zai samu dattawa a asirce, a ce Tukur ya riƙa shigewa gaba, a ce Liman ya tsufa yana son hutu, ba wanda zai ji wata magana. Wanki kuma a bar mata, ita da yaranta za su riƙa yi, a shanya a rumfa tare da na jariri. Ta ce tarin nan na Yaya tana jin sa ta cikin danga, yana hana ta sukuni.

Ba sai Ummuhani ta ce komai ba. In ta sunkuyar da kai kawai, ko ta yi ajiyar zuciya, Indo za ta gane, shi ke nan. A buɗe ƙyaure iska ta shiga. A fitar da kaskon nan. Ta kwanta ta tashi ba tare da ta fara lalubar igiya ba. Tana son wannan, tana son sa har ƙwalla ta cika mata ido, kuma ta san ba wanda zai ga laifinta, tunda ba ita ta tona ba.

Amma ta san mijinta. Ba ɗa namiji, ba ƙarfin noma, abokan karatunsa duk sun riga shi. Abin da ke tashinsa daga gado shi ne akwai mutane a tsaye suna jiran ya ce Allahu akbar. In aka karɓe wannan, ko da ladabi aka karɓa, ko da addu'a, zai dawo ɗakin nan ya zauna fuskarsa ga bango, kuma ba ta jin zai ga wata kakar. Ba ta ce yana da gaskiya ba. Ta san ba shi da ita. Haushinsa ma take ji, haushi sosai, da ya bar wannan zaɓin ya faɗo a kanta tana tsaye a bakin ƙofa da ƙunar wuta a hannu.

Ta tura ƙyauren kaɗan, ta miƙa hannu ta jawo ƙonannen wandon, ta ware shi a gaban Indo.

"Ga ciwon nan," ta ce. "Na wanke masa saboda suna, na ɗora a wuta, barci ya sace ni. Na ƙona wannan, na ba shi jiƙaƙƙe ya saka."

Indo ta dubi ramin, ta dubi fuskarta. "Shi ke nan, Yaya?"

"Shi ke nan. Da me kike so ya zama?"

Indo ta ɗan tsaya. Ko ta yarda har zuci, ko ta ga an miƙo mata abin da za ta kai zaure ne ta karɓa, Allah kaɗai ya sani. Sai ta saki dariya, ta dafe ƙirji, ta ce kai, Yaya, kin kusa kashe mu. Ta fizge wandon ta yi sashen mai jego da shi tana ɗaga shi sama.

Abin da ya biyo baya ba sai an faɗa ba, gidan suna ne, mata sun ƙoshi, suna neman abin yi. Wata taubashiyar Ummuhani ta zura kai ta cikin ramin tana taka rawa. Aka juya ƙwarya aka fara kiɗa, nan take aka haɗa waƙa, wai Uwar Tsafta ta toya wa Liman wando, ta tura shi taro da ruwa a gindi. Amaren da ta taɓa yi wa faɗa a kan wanki su suka fi kowa tafi. Wata tsohuwa ta ce ba abin dariya ba ne, haka ruɗewa ke farawa, a riƙa sa mata ido da wuta kada ta ƙona gida. Ummuhani ta fito ta zauna a cikinsu, ta yi murmushin da ake so ta yi, har ta ce a yi mata afuwa, tsufa ne. Kafin azahar labari ya kai zaure, ta ji maza sun kwashe da dariya, irin ta mutanen da aka sauke wa kaya. Da hankali ya koma kan rabon nama, ta zame ta ɗauki ƙwaryarta ta shige makewayi.

Bayan la'asar ruwa ya dawo. Baƙi suka watse, gidan ya yi tsit sai kukan jariri can. Tana zaune gaban kwando tana juya wandon da ta wanke da rana, Malam ya shigo da gajeren taku. Yau bai juya baya ya nufi ƙwarya ba. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin, kansa na taɓa igiya, ya ce an yi ta maganar a masallaci. Wasu sun yi masa jaje. Mai gari ya ce zai aiko masa da wando. Wani kuma ya ce ashe ita ma Uwar Tsafta suna ne kawai, tsufa ya kama ta ta fara sakaci da miji.

"Kai me ka ce?" ta tambaya, ba ta ɗago ba.



"Sun yi dariya," ya ce. "Ni ma na yi, Ummuhani."

Ta jira ko akwai saura. Ta ga bakinsa ya motsa, ta ga hannunsa yana murza carbi ba ya ja, amma ba abin da ya fito. Ta so ta yi masa kuka, ta so ta zage shi, sai ta tarar ba ta da ƙarfin ko ɗaya. Tari ya taso mata, ta bari ya lafa, ta share ido da bakin zane.

"To da me za ka yi?" ta ce. "Cire ka ba ni. Biyu suka rage, magariba kuma ta kusa."

Ya juya baya yana kwance zariya. Ita kuma ta ɗaga kwandon, ta duƙa tana hura garwashin.